Yadda za ka karanta tarihin Turkawa da Mongolawa ba tare da ka ɓace a hanya ba

Galibinmu a wuri guda muka fara jin sunan mutanen nan: a labarin faɗuwar Bagadaza. Shekarar 1258, Hulagu, jagoran rundunar Mongolawa, ya yi wa birnin ƙawanya, aka kashe Halifa Musta'asim, daular Abbasiyawa ta Bagadaza ta zo ƙarshe bayan shekara ɗari biyar. Daga nan sai malami ya wuce zuwa wani babin, a bar mu da hoton wasu mahaya da suka fito daga inda ba a sani ba, suka yi ɓarna, suka ɓace. Ni ma da hoton nan na tashi. Ranar da na so sanin daga ina suka fito, sai na samo wani littafi mai kauri na fara daga shafin farko, kafin in kai shafi na sittin sunayen ƙabilu da sarakuna sun cakuɗe mini, na ajiye shi kusan shekara biyu. Da na dawo, wata hanya na bi, ita ce zan shimfiɗa maka a nan. Jigonta ɗaya ne: wannan tarihi labarin zaman makiyayi da ɗan birni ne, kowa na buƙatar abin hannun ɗan'uwansa, kuma kusan kullum ɗan birnin ne ke riƙe da alƙalami.

Mataki na farko: zana taswira da hannunka

Kada ka buɗe littafi tukuna. Samo farar takarda babba, ka buɗe taswirar Asiya a waya, ka kwafa da fensir. Ba sai ta yi kyau ba. Ka raba ta ɗamara uku daga gabas zuwa yamma. Ta sama dajin Saberiya ne, inda fatun dabbobi masu gashi ke fitowa. Ta tsakiya filin ciyawa ne da ya miƙe daga Mancuriya har ƙasar Hangari, tafiyar kilomita wajen 8,000, nan ne gidan makiyaya. Ta ƙasa hamada ce da duwatsu, da birane a bakin ruwa.

Sa duwatsu uku: Altai, Tiyen Shan, Famir. Sa koguna: Orkon da Onon a Mongoliya, Bolga can yamma, sai Amu Darya da Sir Darya, waɗanda littattafan Larabci ke kira Jaihun da Saihun. Ƙasar da ke tsallaken Jaihun ita ce Ma Wara'an Nahar da kake gani a tarihin malaman hadisi. Sannan ka ɗiga birane: Kashgar, Samarkand, Bukhara, Tirmiz, Marw, Naisabur. Za ka ga rabinsu ka san su tun a makarantar Islamiyya, ta sunayen Imam Bukhari da Tirmizi da Muslim ɗan Naisabur. Amma ka riƙe wannan da kyau: a zamanin waɗannan malamai, mutanen biranen nan yawancinsu masu harsunan dangin Farisanci ne. Turkanci daga baya ya mamaye yankin, sannu a hankali. Wanda bai san haka ba zai riƙa ɗora taswirar yau a kan ta jiya.

Manna takardar a bango inda kake karatu. Duk sabon wuri da ka ci karo da shi, tashi ka ɗiga.

Mataki na biyu: fahimci abin da makiyayi ke ci da abin da ya rasa

Nan ne nake so ka daɗe, domin wanda ya gane wannan ya gane rabin labarin. Dukiyar mutanen filin ciyawa dabbobi biyar ce: doki, tumaki, awaki, shanu, da raƙumi mai tozo biyu. Gidansu zagayayyen tanti ne na ulu da aka danne ya yi kauri, ana kwance shi a ɗora a kan amalanke ko raƙumi. Suna da mashekarin rani da na sanyi, ba yawon kara zube suke yi ba. Abin shansu na alfarma nonon goɗiya ne da aka bari ya yi tsami, suna ce masa kumis. Yaro kan hau doki tun yana ƙarami, ya koyi harbi da baka alhali dokin na gudu. Ke nan duk namiji soja ne ba tare da an kai shi bariki ba.

To, me suka rasa? Hatsi, tufafi, kayan ƙarfe, kayan ado da shugaba zai raba wa mabiyansa don su zauna tare da shi. Su kuma manoma da 'yan birni, musamman Sinawa, dawaki suka rasa. A ƙarni na 8 da na 9, Uigurawa, wasu Turkawa makiyaya, kan kai wa daular Tang ta Sin dawaki, a biya su wajen turmi 40 na siliki a kan kowane doki ɗaya. In kasuwar kan iyaka na ci, sau da yawa akan zauna lafiya. In sarkin Sin ya rufe ta, ko wani mugun sanyi ya kashe garke, sai hari. Duk yaƙin da ka karanta, tsaya ka tambayi kanka: wace kasuwa aka rufe, wace makiyaya aka ƙwace, wa ya hana wa haraji?

Abu na biyu shi ne gadon sarauta. A wurinsu mulki na gidan sarauta ne baki ɗaya, ƙane da ɗa da ɗan wa duk suna da haƙƙi. Shi ya sa za ka ga daula ta bunƙasa a hannun mutum ɗaya, kafin jikoki su tsufa ta rabu huɗu. Da ka gane wannan, rigingimun da ke cika shafuka za su daina ba ka mamaki.

Mataki na uku: kafa turaku na shekaru

A shafi guda kawai, rubuta waɗannan, ka haddace su kamar yadda ka haddace lambar wayarka. Shekara ta 209 kafin Miladiyya, Modu ya haɗa kan mutanen da Sinawa ke kira Shiyongnu, babbar daular makiyaya ta farko a gabas. 552, Bumin ya kafa daular farko da ta ɗauki sunan Turk. 751, yaƙin Talas tsakanin rundunar Abbasiyawa da ta Tang. 840, rushewar daular Uigur a hannun Kirgizawa. 1055, Tugril Basaljuƙe ya shiga Bagadaza. 1071, Alp Arslan ya ci Rumawa a Manzikart, ƙofar Anatoliya ta buɗe wa Turkawa. 1206, babban taro a bakin kogin Onon ya naɗa Temujin da laƙabin Cingis Khan. 1260, Mamalik na Masar, sojojin da asalinsu bayi ne suka zama sarakuna, suka tsayar da Mongolawa a Ain Jalut. 1405, Timur ya mutu a Otrar. 1526, Babur ya ci yaƙin Panipat ya kafa daular Mugal a Indiya.

Goma ke nan. Sauran duk rataya su za ka yi a tsakanin waɗannan turaku.

Mataki na huɗu: littafin sunaye

Wannan shi ya fi wahalar da ni, kuma maganinsa ƙaramin littafin rubutu ne na 'yan makaranta. Mutum ɗaya kan zo da suna uku ko huɗu, gwargwadon harshen da marubuci ya ɗauko. Cingis Khan shi ne Jinkiz Khan na Larabawa, shi ne Genghis na Turawa. Hulagu shi ne Hulaku, shi ne Hulegu. Timur shi ne Taimur Lang. Mongolawan da kansu, Larabawa sun fi kiransu Tatar, alhali asalin Tatar wata ƙabila ce da Cingis ya murƙushe tun kafin ya fito duniya. Raba kowane shafi gida uku: suna da sauran siffofinsa, shekarun da ya yi, sai jimla ɗaya tak game da shi. Ka keɓe shafi guda ka zana bishiyar gidan Cingis: 'ya'yansa huɗu daga uwargidansa Borte, wato Joci, Cagatai, Ogodai da Tolui, sannan 'ya'yan Tolui huɗu, Mongke, Kublai, Hulagu da Arik Boke. Daga wannan bishiya dauloli huɗu suka fito: ta Kublai a Sin, ta Hulagu a Farisa da Iraƙi, ta zuriyar Cagatai a tsakiya, ta zuriyar Joci a filayen Bolga.

Ka kuma bambance Turkawa da ƙasar Turkiyya. Turkiyya reshe ɗaya ce. Kazak, Uzbek, Kirgiz, Turkmen, Azeri, Uigur, Tatar, har da Yakut na can ƙuryar Saberiya, duk harsunansu dangi ne. Mongolanci kuwa gidansa daban, sai dai zama tare ya sa sun ari kalmomi da yawa daga juna, kuma a yammacin daular yawancin sojojin da ake kira Mongol Turkawa ne.

Mataki na biyar: littafi siriri kafin mai kauri

Yanzu ka buɗe littafi. Fara da gajere wanda ya ratsa tarihin duka. In kana karanta Turanci, ɗan littafin Peter Golden kan Asiya ta Tsakiya a tarihin duniya, na 2011, ya isa ya ba ka kwarangwal. Bayan shi sai na David Morgan kan Mongolawa, wanda ya fara fitowa a 1986. Abin da na fi so a cikinsa shi ne tun da wuri yake zaunar da kai ya nuna maka su wa suka rubuta labarin da harsunan da suka rubuta shi. Mai Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, yana da babban littafin René Grousset na 1939 kan daulolin filin ciyawa. Ya tsufa, bincike ya wuce shi a wurare da dama, don haka ka mai da shi wurin duba abu, kada ka ce sai ka sauke shi daga bango zuwa bango.

Akwai littattafan kasuwa masu daɗin karatu da ke mai da Cingis Khan uban wayewar zamani. Ka karanta in kana so, amma bayan ka yi ƙarfi. Mai wanke shi tas da mai mai da shi dodo kawai, duka biyun sun rage maka wani abu.

Mataki na shida: koma wurin waɗanda suka gani, ka tambayi kowa wa yake yi wa aiki

Wannan shi ne zuciyar karatun. Kafin ka yarda da kowace magana, nemi amsar abu uku: a ina marubucin yake zaune, wa ke ciyar da shi, kuma da idonsa ya gani ko ji ya yi.

Ɗauki Ibnul Asir, mai Al-Kamil fit Tarikh. Da ya zo kan shekarun da Tatar suka fito, ya ce ya daɗe yana ƙin rubuta labarin saboda nauyinsa a zuciya. Yana Mosul, bakin 'yan gudun hijira da matafiya ya ji. Baƙin cikinsa na gaskiya ne, kuma yana shiga jikin mai karatu. Sai ka ɗauki Ata Malik Juwaini, wanda ya rubuta tarihin Cingis da Farisanci: ma'aikacin Mongolawa ne, yana tare da Hulagu a tafiyarsa, daga baya ma shi aka ba riƙon Bagadaza. Ya san cikin gida, amma ba duk abin da ya sani zai iya faɗa ba. Rashiduddin, mai Jami'ut Tawarikh, wazirin Gazan Khan ne, sarkin Mongolawan Farisa da ya musulunta a 1295. An buɗe masa bayanan gidan sarauta da ba kowa ke gani ba, shi ya sa littafinsa ya cika da abin da ba za ka samu a wani wuri ba, amma ka lura yadda yake baƙanta zamanin da ya gabaci ubangidansa don gyaran da ubangidan ya yi ya haskaka.

Ga gwaji da za ka yi da kanka. Nemi labarin kisan Marw a 1221 a wurin mutum biyu. Ibnul Asir ya ce an kashe 700,000. Juwaini ya ce sun haura 1,300,000. Rubuta su gefe da gefe. Ba wai kisan bai faru ba. Ya faru, kuma birane irin su Marw da Naisabur da Balkh sun daɗe ba su farfaɗo ba, wasu ba su sake komawa yadda suke ba. Abin da gwajin zai koya maka shi ne adadi a bakin marubutan wancan zamani hanya ce ta cewa abin ya wuce misali, ba ƙidaya ba ce irin ta yau.

Sai matafiya. Ibn Fadlan ya bar Bagadaza a 921 cikin tawagar Halifa Muƙtadir, ya isa wurin Bulgar na Bolga a 922, a hanya ya ratsa ta cikin Turkawan Oguz tun ba su musulunta ba. Ya ƙyamaci ƙazantarsu a idonsa, amma ya rubuta yadda suke karɓar baƙo da yadda suke ba fatake aron dabbobi bisa amana. William na Rubruk, wani limamin Kirista, ya kai Karakorum, babban birnin Mongolawa, a 1254, ya ƙirga wuraren bautar gumaka goma sha biyu, masallatai biyu, coci ɗaya. Idonsa na da kaifi ƙwarai, har yadda ake kaɗa kumis ya bayyana.

Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma sun bar nasu. A kwarin Orkon akwai dogayen duwatsu da aka rubuta da tsohon Turkanci, ɗaya na tunawa da Kul Tigin, an kafa shi a 732. Wani masani ɗan Denmak, Vilhelm Thomsen, shi ya warware rubutun a 1893. A jikinsa sarki Bilge yana gargaɗin jama'arsa cewa Sinawa da daɗin baki da laushin siliki suke jawo mutanen nesa kusa, sannan su hallaka su. Ranar da na karanta fassarar wannan dutse ne mutanen suka tashi daga zama inuwa a idona, suka zama masu tunani da tsoro da dabara. Sai Mahmud Kashgari, wanda ya rubuta Diwanu Lugatit Turk a shekarun 1070 don ya koya wa Larabawa Turkanci, cike da karin magana da baitoci. Sai tarihin sirri na Mongolawa, wanda suka rubuta da harshensu a ƙarni na 13, inda za ka ga Temujin maraya, uwarsa Ho'elun na tonon saiwoyi tana ciyar da su, har da yadda ya harbe ɗan'ubansa saboda rigimar abin farauta. Littafin bai ɓoye wannan ba. Daga ƙarshe tarihin rayuwar Babur da ya rubuta da kansa da Turkancin Cagatai, mutumin da ya ci Indiya amma yana kewar kankanar ƙasarsu.

Mataki na bakwai: bi haja ɗaya daga tushe zuwa kasuwa

Sunan Hanyar Siliki sabo ne, wani Bajamushe masanin ƙasa, Richthofen, ya yaɗa shi a 1877. Fataken da kansu ba su san shi ba, kuma ba hanya ɗaya ba ce. Da wuya ayari ɗaya ya tashi daga Sin har Bahar Rum. Kaya ne ke sauya hannu daga zango zuwa zango. Ja layin a taswirarka: daga Cang'an, babban birnin daular Tang, zuwa Dunhuwang, nan hanya ta rabu biyu ta kewaye hamadar Taklamakan, ta arewa ta bi Turfan da Kuca, ta kudu ta bi Khotan, su haɗu a Kashgar, a haura duwatsu zuwa Fargana, Samarkand, Bukhara, Marw. Madugan wannan hanya na tsawon ƙarnuka Sogdiyawa ne, mutanen Samarkand da kewaye. Turkawa na da takobi, su suna da harshe da lissafi; a 568 ma wani Basogde mai suna Maniyak ne ya jagoranci tawagar Turkawa zuwa Kustantiniya don neman kasuwar siliki.

Hanyar da ta fi amfani ita ce ka zaɓi haja ɗaya ka bi sawunta. In ka bi azurfa, za ka tarar da dirhamin Samaniyawa na Samarkand da Tashkent a binne har tsibirin Gotland na Suwidin. In ka bi doki, Ibn Batuta zai gaya maka yadda ake kora garken dawaki wajen dubu shida daga filayen Turkawan Kipcak, arewa da Bahar Aswad, zuwa Indiya. In ka bi bawa, labarin zai kawo ka kusa da gida: yaran Kipcak da ake sayarwa ta Bahar Aswad zuwa Masar su ne suka zama Mamalik, cikinsu har da Baibars, kwamandan yaƙin Ain Jalut da ya zama sarkin Masar. Sarkin da ya karɓi Mansa Musa a Alƙahira a 1324, Nasir Muhammad, ubansa Ƙalawun Bakipcake ne, uwarsa kuma 'yar Mongolawa. Shi Ibn Batutan da ya zauna a sansanin Uzbek Khan, sarkin zuriyar Joci, a shekarun 1330, shi ne bayan shekara ashirin ya sauka a Takedda ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno. Littafinsa ɗaya ya haɗa duniyoyin biyu.

Kada ka tsallake Otrar. A 1218 hakimin garin ya kama ayarin fatake wajen 450 da Cingis ya aiko, ya kashe su ya ƙwace kayan, Sarkin Khuwarizm kuma, ubangidan hakimin, ya ƙi ba da haƙuri, har aka kashe manzo. Daga nan wutar ta tashi. Bayan cin ƙasa kuma, nemi kalmomi uku a duk littafin da kake karantawa: yam, zangunan sauya doki na 'yan saƙo, paiza, allon ƙarfe ko itace da ke zaman takardar izinin wucewa, ortok, ɗan kasuwan da ke juya jarin 'yan gidan sarauta a raba riba. Ta waɗannan hanyoyi ne kuma ake ganin annobar da ta isa Kaffa, a bakin Bahar Aswad, a 1346 ta bi ta shiga Turai da Masar.

Mataki na takwas: addini, mata da rubutu

Bayan ka riƙe siyasa da ciniki, ba wa waɗannan wata guda. Asalin bautarsu ta Tengri ce, Sama. Daga nan kowa ya kama gabansa: Uigurawa suka karɓi addinin Mani wajen 762, sarakunan Khazar suka karɓi Yahudanci, Karakhaniyawa suka musulunta a ƙarni na 10, Mongolawan gabas daga baya suka rungumi addinin Buda. Uwar Hulagu da Kublai, Sorgagtani, Kirista ce, amma Juwaini ya ce ta ba da kuɗi aka gina madarasa a Bukhara. Berke, jikan Cingis, ya musulunta, ya yaƙi ɗan'uwansa Hulagu, ya ƙulla abota da Baibars. Ibn Batuta ya yi mamakin girman da Turkawa ke ba matansu, yadda matan sarki ke zama a fada a gefensa. Rubutun Mongol kuwa, wanda ake yi daga sama zuwa ƙasa, daga Uigurawa aka aro shi a zamanin Cingis, su daga Sogdiyawa, su kuma daga Aramiyanci, tushen da haruffan Larabci ma suka fito.

Mataki na ƙarshe: zauna a gari ɗaya

Wata uku zuwa huɗu, shafi goma sha biyar a rana, sun isa ka ratsa duk abin da na lissafa in ban da manyan littattafan asali. Daga nan sai ka zaɓi birni ɗaya ka bi shi daga farko har yau, domin a nan ne duk zaren ke haɗuwa. Ni Bukhara na zaɓa. Ƙutaiba ɗan Muslim ya ci ta a 709. An haifi Imam Bukhari cikinta a 810. Ta zama fadar Samaniyawa, inda Ibn Sina yana saurayi ya shiga ɗakin littattafan sarki. Turkawan Karakhan suka karɓe ta a 999, suka gina hasumiyar Kalyan a 1127. Cingis ya ƙone garin a 1220, hasumiyar ta tsira. Ibn Batuta ya zo bayan shekara ɗari da 'yan kai ya tarar da masallatai da kasuwanni yawancinsu kufai ne, alhali a daidai lokacin Baha'uddin Naƙshband yana tasowa a wani ƙauye kusa da garin. Uzbekawa suka mai da ita babban birni a ƙarni na 16, Rasha ta sa ta ƙarƙashinta a 1868. Buɗe sabon shafi a littafin sunayenka, rubuta sunan garin da ka zaɓa a sama, ka jera shekarunsa a gefen hagu, ka bar dama fili don abin da kowane marubuci ya ce ya gani a can.